Taƙi Guda Na Ruwa

Da ambaliyar bara ta janye daga Nakhon Pathom
ta bar mini laka a kicin da tagogi huɗu a ƙasa.
Uku sun tsage. Ta huɗun na wanke,
na kai wa Prayong mai yankan gilas a bakin kasuwa.

Ya ce, Boonlert, tsawo nawa?
Na ce kamu ɗaya da rabi.
Ya ce, tsayi fa? Ai kifi sai da zurfi.
Na ce bar shi gajere.
Ƙwan da ya faɗo daga sama
uban ne zai bi shi da baki ya ɗauko,
ba zan ɗora masa doguwar tafiya ba a cikin ruwa.

Na haɗa ɓangarori biyar da gam mai warin tsami,
yatsana ya bi kowace kusurwa sau biyu.
Kwana uku yana shan iska a ƙarƙashin gida,
kwana biyu yana cike a kan tsohuwar jarida.
Da safe na shafa jaridar, a bushe take.
Namfon ta leƙo da buroshi a baki:
Baba, wai madatsar ruwa kake ginawa?

Ban zuba tsakuwa ba. Ƙasan fayau,
don ƙwan bai fi ƙwayar gishiri ba,
in ya shige tsakanin duwatsu ya tafi ke nan.
Ban sa injin iska ba, motsinsa rushe gida yake yi.
Busasshen ganyen ayaba biyu, har ruwan ya yi kalar shayi,
rabin kofin roba a kife a saman ruwa,
sai fasasshiyar tukunyar Lamduan a ɗaya gefen
don macen ta sami maɓoya in duka ya yi yawa.
Taƙi guda na ruwa. Ko yatsa babu ƙarawa.

Namijin ja ne wur, mafaɗaci,
ko inuwarsa ya gani sai ya baza wutsiya.
Macen na sa ta a kwalbar da na yanke wa gindi,
yana ganin ta, ba ya taɓa ta.
Daren nan ya kama aiki a ƙarƙashin kofi,
kumfa ɗaya, ya koma, kumfa ɗaya, ya koma,
gida na yawu da numfashi,
kafin asuba ya kai faɗin tafin hannuna.
Na ɗage kwalbar. Sauran ba na faɗawa.

Da rana ta yi na tsame ta, fiffikenta a yage.
Shi ya rage.
Ba ya ci. Ba ya barci.
Ƙwai ya zame, ya nutse ya ɗauko,
ya tofa shi sama, wani ya zame.
Na bar masa fitila a kunne duk dare
na zauna a kan bokiti ina ƙirgawa.
Na tuna shekarar da muka ƙona Lamduan a haikali,
yarinya 'yar shekara huɗu da zazzaɓi,
ni da tsumma da ruwan ɗumi,
ta zame daga kafaɗata, in gyara, ta zame, in gyara,
har zakaran maƙwabta ya gaji da carawa.

Abin da ban gaya wa Prayong ba shi ne murfin.
Na sa ya yanke masa kusurwa guda,
daidai shigar ƙaramar koma.
Kwana uku bayan ƙyanƙyasa
'ya'yan za su daina rataya, su miƙe su yi iyo,
uban kuwa ba ya gane an gama.
Zai ci gaba da kamo su yana mayarwa,
wani lokacin ya haɗiye, ba da mugunta ba.
Dole a fitar da shi. Ƙofar tasa ce.

Yau ne kwana na ukun.
Jakar Namfon tana bakin matakala tun jiya,
asibitin Chiang Mai ya ce ta fara Litinin.
Na tambaye ta sau huɗu ko ta ɗauki maganin sauro.
Ta karɓi komar daga hannuna,
ta zura ta kusurwar nan a hankali,
ta ce, Baba, riƙe kwalbar da kyau, ga shi nan zuwa.